A Murza Fata Kafin a Taya Jaka

A watan Agustan bara, lokacin nan da ruwan Jos kan kwana uku bai ɗauke ba, wata 'yar ƙanwata ta aiko a kira ni gidanta. Shekararta uku da aure. Ta sauko da akwatunan lefenta daga saman sif don ta zaɓi jakar da za ta riƙe zuwa sunan wata ƙawarta, abin da ta tarar ya sa ta hawaye. Jakunkuna shida aka sa mata a lefe, kowace da takalminta. Biyu kaɗai ta taɓa fita da su. Sauran huɗun suna naɗe cikin ledarsu yadda aka kawo su, amma da ta ciro, sai fuskar kowace ta riƙa saɓulewa tana manne mata a yatsa, wani farin yadi yana leƙowa daga ƙarƙashi. Ina cikin matan da suka karɓi lefen nan. Na ji guɗar da aka rangaɗa da aka ɗaga jakunkunan, na ji 'yan mata suna karanta sunayen da ke jikinsu ɗaya bayan ɗaya, na kuma san wata nawa angon ya yi yana tara kuɗin. A cikinmu duka babu wadda ta murza jaka ɗaya tsakanin yatsunta, har da ni, ni da na tashi a gidan da aka san fata.

Wannan ne ya sa nake rubuto muku, 'ya'yana, ku 'yan matan da ke riƙon jaka zuwa makaranta da ofis da gidan biki, da ku samarin da wata rana za a miƙa muku takardar lefe a ce jaka da takalmi kaza. Ba hana ku son abu mai kyau zan yi ba. Ni ma ina so. Abin da nake so ku iya shi ne gane abu mai kyau da hannunku da hancinku da idonku, tun kafin mai kanti ya buɗe baki.

Ku fara da abin da aka yi jakar da shi. Akwai wani abu a harshenmu da ya kamata ya farkar da mu: kalmar da Turawa ke kiran jemammiyar fata da ita, ita ce bakinmu ya mayar "leda", kuma ledar da muka sani a yau ta zuba tumatir ce da ƙullin gishiri. Haka kasuwar jaka ta zama. Mafi yawan abin da ke rataye a shaguna, daga Taminus har Bukuru, roba ce aka narka aka shimfiɗa a kan yadi, inji ya danna mata zanen fata. Irin wannan robar danshi da zafi suna cin ta ko ana riƙe ta ko tana ajiye, shi ya sa jakunkunan 'yata suka lalace a cikin akwati ba tare da sun ga rana ba. Ba ta yi sakaci ba. Wa'adinsu ne ya cika.

Gane ta ba wuya. Ku nemi wurin da bakin abin ya fito fili: ƙarshen maratayi, ramin da harshen ƙarfe ke shiga, ko cikin aljihu inda ba a yi shafi ba. Bakin fata gashi-gashi ne, zarurruka ne a cuɗe da juna tun daga sama har ƙasa. Bakin roba kuwa hawa-hawa yake, fenti a sama, wani abu kamar soso a tsakiya, yadi a ƙasa. Ku danna babban yatsa a jikin jakar. Fata takan yi 'yan ƙananan tamoji a kewayen yatsan, kamar bayan hannun mutum, sannan ta koma a hankali. Roba sai dai ta lotsa ta taso sumul. Ku kai ta hanci; wanda ya taɓa shiga rumfar baduku ba ya manta wannan ƙamshin, roba kuwa warin gam da fenti take yi. Sannan ku dubi zanen fuskar da kyau. Dabba ta yi yawo a daji, ƙaya ta karce ta, kaska ta cije ta, fatar wuyanta daban da ta cikinta. Idan kuka ga zane ɗaya yana maimaita kansa daidai wa daida tun daga wannan kusurwa har waccan, inji ne ya zana shi.

Ko a cikin fatar gaske ma akwai sama da ƙasa. Ƙirgin saniya yana da kauri, don haka a masana'anta inji kan tsaga shi gida biyu ko fiye. Sashen sama, gefen da gashi yake, shi ne fuskar fata, nan zarurrukan suka fi matsewa, nan ƙarfin yake, kuma shi ne yake ƙara kyau da tsufa. Sashen ƙasa sako-sako ne. Sai a shafe shi da roba, a buga masa zane, a rubuta a jiki cewa fatar gaske ce. Ba a yi ƙarya ƙiri-ƙiri ba, amma ba a faɗi gaskiya duka ba, domin fuskar da ido ke gani roba ce, kuma ita za ta fara tsagewa. Mafi ƙasƙanci shi ne ɓarɓashin fata da aka niƙa aka kwaɓa da gam aka matse ya zama shimfiɗa. Saboda haka tambayar "fata ce?" ba ta isa ba. Ku ce: fatar wace dabba ce, kuma fuskarta ce ko bayanta? Mai sayarwar da ya san kayansa zai ji daɗin tambayar. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ku amsa.

A nan ina so in tsaya kaɗan, domin akwai abin da ke damuna. Sau da yawa nakan ji yaranmu suna cewa "ai ta Italiya ce" da wata murya kamar fata daga can aka fara ta. Ku sani, 'ya'yana, fatar jar akuyar Sakkwato, da 'yar'uwarta ta Maraɗi, tana cikin fatun awaki da duniya ta fi daraja. Fuskarta a matse take, tana da laushi da ƙarfi a lokaci ɗaya, tana kuma karɓar rini. Ɗaruruwan shekaru ayarin raƙuma suna ketare Sahara da ita, Turawa suna saya daga tashoshin Arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko, alhali da yawa daga cikinta a ƙasar Hausa aka jeme ta. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta labarin takalman Kano da jemammun fatu da jajayen fatun da ake kaiwa har Tarabulus. Masu ɗaure manyan littattafai a Ingila sun daɗe suna neman fatar akuyar Nijeriya don bango. Har gobe masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna fitar da fatu zuwa Italiya da Sifaniya, a ƙarasa gyara su a can, a yanka, a ɗinka, a buga suna. A Samarun Zariya akwai cibiya sukutum ta gwamnatin tarayya da aikinta shi ne bincike da koyar da kimiyyar fata. Mu da muka gāji wannan, bai dace a ce roba ta ruɗe mu ba.

Jima iri biyu ce, kuma sanin bambancinsu zai amfane ku. Tamu ta gargajiya, irin wadda ake yi a Majema cikin birnin Kano, da bagaruwa ake yin ta. A jiƙa fata da ruwan toka har gashi ya saki, a kankare da kartaji, a tsoma a ruwan kashin kaji ko na tantabara ta yi laushi, sannan ta kwanta a ruwan dakakkiyar bagaruwa har ta jemu. Rini kuma karan dafi ne ke ba da ja, gangamau ya ba da rawaya, kuloko ya ba da baƙi. Fatar da aka jeme da itace ko 'ya'yan itace tana shan mai, tana duhu a hankali inda hannu ke taɓawa, tana yin wani sheƙi da ba a saya a kanti. Amma ruwa yana yi mata tabo. Ɗaya jimar ta masana'anta ce, da gishirin wani ƙarfe da ake kira kurom, kuma da ita ake jeme mafi yawan fatun duniya a yau saboda sauri. Fatarta ta fi laushi, ta fi jure ruwa, launinta ba ya saurin canzawa, kuma idan aka yanka ta sau da yawa akan ga tsakiyarta da ɗan shuɗi-shuɗi. Kowace da ranarta. Yarinyar da ke hawan Keke Napep da damina zuwa Jami'ar Jos za ta fi samun sauƙi da ta biyun. Ni dai zuciyata tana wajen ta bagaruwa, saboda ita ce ke tsufa tare da mai ita.

Bayan fata sai ɗinki, kuma nan ne aikin mutum yake fitowa fili. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da wata gafaka da yake sa Alƙur'aninsa, wadda wani baduku ya ɗinka masa tun ina ƙarama. Tana nan a hannun yayana, ta haura shekara hamsin. Sau biyu aka sake mata maratayi, amma ɗinkin jikinta bai taɓa warwarewa ba. Sai da na girma na fahimci dalili. Ɗinkin keke zare biyu ne, na sama da na ƙasa, suna sarƙe juna a tsakiyar rami. Idan ɗaya ya tsinke aka ja, layin na iya bin juna ya zare. Ɗinkin hannu na ƙwararru kuwa, irin na masu sirdi, zare ɗaya ne da allura a kowane bakinsa. A huda rami, wannan allura ta shiga ta dama, waccan ta shiga ta hagu a rami guda, a ja a tsuke, a wuce na gaba. Ko zare ya tsinke a wuri ɗaya, ɗan'uwansa na riƙe da fatar. Akan kuma goga wa zaren kakin zuma don kada danshi ya ci shi.

Kamfanin Hermès na Faransa, wanda jakunkunansa suke cikin mafi tsada a duniya, da kayan doki ya fara. Thierry Hermès ya buɗe shagonsa a Faris a 1837 yana ɗinka ragama da linzami da makamantansu, kuma wannan ɗinkin mai allura biyu shi ne har yau suke yi wa manyan jakunkunansu, mutum ɗaya ya ɗauki jaka ɗaya tun daga yankakkiyar fata har gamawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya dubi kayan dokin hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ya san wannan sana'a ba baƙuwarmu ba ce.

Kada ku ɗauka ina cewa ɗinkin keke aibu ne. Yawancin jakunkuna masu kyau da keke aka ɗinka su, kuma suna shekaru. Abin dubawa shi ne natsuwar mai ɗinkin. Ku bi layin da ido: tazarar ɗinki ɗaya ce ko wani dogo wani gajere? Nisansa da baki ɗaya ne har ƙarshe? A kwana, inda hannu kan yi gardama, ya juya da tsabta ko ya tattare? Bahaushe ya ce inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima, to ita ma jaka akwai wuraren da wahala ke komawa: gindin hannu, inda maratayi ya haɗu da jiki, bakin zif, da kusurwoyi huɗu na ƙasa. Ku ja hannun da ɗan ƙarfi ku ga ko ramukan ɗinkin suna buɗewa. Idan a wurin nan an ninka fata, an maimaita ɗinki ko an sa ƙusa mai kai biyu, mai aikin ya yi tunanin ranar da za ku cika jakar da littattafai. Idan gam kaɗai ke riƙe da shi, an yi ta ne don ranar ɗaga lefe.

Sai bakin fata. Mai haƙuri yakan fere bakin ya ninke shi ya ɗinke, ko ya goge shi da yashi, ya shafa rini, ya bari ya bushe, ya sake gogewa, sau da yawa, har ya zama sumul kamar bakin ƙwarya. Mai gaggawa sai ya zuba masa fenti mai kauri sau ɗaya, wanda wata uku ya isa ya fara ɓantarewa. Ku lanƙwasa maratayin. Idan fentin bakin ya nuna tsaga tun a kanti, ku ajiye.

Ƙarafa ba sa bukatar dogon bayani. Tagulla tana da nauyi a hannu, ko ta dushe gogewa ake yi ta dawo. Ƙarfen da aka yi wa wankan ruwan zinariya sauƙi gare shi, kuma daga inda yake gugar ɗan'uwansa yake fara fari. Zif ku ja shi sau goma, buɗe da rufe, da hannu ɗaya. Da yawa daga masu aikin kirki na YKK suke sawa, na kamfanin Japan, amma shi ma ana kwaikwayon tambarinsa, don haka hannunku ne alƙali. Sannan ku juyo cikin jakar waje in za ta juyu. Shafi shi ne wurin da ake ɓoye ha'inci, domin an san mai saye ba ya leƙawa. Ku matsa gindin ku ji: idan yana ƙara kamar kwali, kwali ne, kuma ruwan sama ɗaya ya ishe shi.

Yanzu mu zo ga kuɗi, wanda shi ne ya fi ruɗa mutane. Duk jakar da kuka ɗaga, kuɗi uku ne a cikin farashinta: na fata, na aikin hannu, da na suna. Biyun farko kuna iya auna su da abin da na gaya muku. Na ukun ba shi da ma'auni sai abin da mutane suka yarda su biya. Jakar Birkin, wadda Hermès ya fitar a 1984 da sunan mawaƙiya kuma 'yar fim Jane Birkin, sabuwarta mafi sauƙi ta haura dala 10,000. A watan Yulin 2025 aka yi gwanjon ta farkon, wadda ita Jane ɗin ta riƙe shekaru har ta koɗe ta yi tabo, a gidan gwanjon Sotheby's da ke Faris, aka saye ta kusan yuro miliyan 8.6. Babu fatar da ta kai wannan kuɗi, babu ɗinkin da ya kai. Labari aka saya. Jakunkunan Louis Vuitton masu ruwan ƙasa da haruffan nan da kowa ya sani, waɗanda aka fi kwaikwayo a kasuwanninmu, jikinsu ma ba fata ba ne ko a na ainihin. Yadi ne mai ƙarfi da aka shafe, fatar tana hannu da gefe-gefe.

Akwai kuma abin da ya fito a wata kotu a Milan ta Italiya a 2024, wanda nake so kowane matashi ya sani. Masu bincike sun gano cewa wani reshen kamfanin Dior yana biyan wani ɗan kwangila yuro 53 kuɗin haɗa jaka ɗaya, ban da kuɗin fata, jakar da ake sayarwa yuro 2,600 a kanti, kuma ma'aikatan irin waɗannan wuraren suna aiki cikin mummunan hali, wasu a nan suke kwana. Kotu ta sa reshen ƙarƙashin kulawarta na wani lokaci, daga baya ta ɗage bayan an yi gyara. Na kawo wannan ne don ku ga cewa tambarin "an yi a Italiya" da babban suna ba su isa shaida a kan hannun da ya yi aikin ba, balle a ce an biya shi haƙƙinsa.

To, idan na ainihin ke nan, ina ga jabu? Ku yi lissafi da kanku. Jakar da kuɗinta a ƙasar da aka yi ta ya kai na mota ba za ta zo muku a kuɗin buhun shinkafa ba, ko an ce daga Dubai aka ɗauko ta, ko an haɗo ta da kwali da kati da rasit. Kwalin da katin ma bugawa ake yi. Wadda ta saya tana sane, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sai dai ina ba ta shawara ta yi tunani, domin kuɗin da ta ba da na sunan wani ne da aka sata, ba na fata ba, kuma da shi za ta iya samun jakar gaske marar suna. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne saurayin da aka rantse masa cewa ta ainihi ce, ya kwashe adashinsa ya biya. Wannan algus ne, kuma duk addinin da muke bi a garin nan, na masallaci da na coci, ya haramta shi. Ku da za ku shiga kasuwanci nan gaba, ku kira roba roba, ku kira fata fata. Sayen jaka ta hoto a waya kuwa cinikin biri a sama ne. In ba makawa, ku sa a ɗauko muku hoton bakin maratayi da cikin jakar da gindin hannu, ku kuma yi sharaɗin mayarwa kafin ku tura ko sisi.

Ga wanda aljihunsa bai yi nauyi ba, akwai hanyar da ba a cika faɗa ba don kunya: gwanjo. A cikin dilar tsofaffin jakunkuna, irin waɗanda ake bajewa a Katako da gefen Taminus, akan tsinci fatar gaske da ta riga ta yi shekaru a wata ƙasa ba ta gaji ba. Roba ba ta kai waɗannan shekarun da mutuncinta, don haka tsufan ma shaida ne. Wadda ta iya murza fata takan fita da abin da ya fi na kantin gilashi. A ce kin sayi ta naira 20,000 da za ki jefar bayan shekara ɗaya, ƙawarki ta sayi ta 60,000 da za ta riƙe shekara goma ana sake mata zif. Ku lissafa wadda ta fi kashe kuɗi. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba kullum take yi ba.

Sai kuma namu na gida. A bakin garin nan, kan hanyar Bauci, kusa da mazaunin jami'a, akwai Naraguta, tsohon gari da Turawan kuza suka fara yada zango a cikinsa kafin Jos ta bunƙasa, wanda kuma ya yi suna da aikin fata: takalma, jakunkuna, alabe, tumtum. Baƙi daga nesa sukan nemi wurin, amma na san yaran da aka haifa a Unguwar Rogo da Rikkos da Tudun Wada da ba su taɓa taka ƙafa can ba. Ku je. Ko ba za ku saya ba, ku zauna ku ga yadda ake yanka fata, ku roƙi guntun da ya faɗi ƙasa ku riƙe a hannu ku shinshina. Wanda ya yi haka sau ɗaya ba a sake sayar masa da roba da sunan fata.

Ba zan ɓoye muku rauninmu ba, domin so na gaskiya ba ya hana faɗa. Sau da yawa a ƙasar nan za ku ga fata mai kyau ƙwarai an haɗa ta da zif mai arha da shafin da ba zai yi wata shida ba. Wani lokaci jimar ba ta nuna ba, sai jaka ta riƙa wari da damina. Wani rinin yakan zuba ya ɓata farin mayafi. Tun daga mahauta ma ake fara asara, inda mai fiɗa ke gaggawa wuƙa ta yi wa fata rami, ga kuma ƙiragan shanu da yawa da ke tafiya tukunya a matsayin ganda. Amma wani ɓangare na laifin namu ne, mu masu saye. Mukan biya abin da aka yanka mana a kan jabun waje ba musu, in muka zo gaban baduku kuma mu taya aikin kwana uku kamar muna sayen yalo. Wanda aka matse haka dole ya rage wani abu, kuma zif da shafi zai fara ragewa. Ku gwada rini da farin ƙyalle mai ɗan danshi, ku shinshina cikin jakar, ku faɗi abin da bai yi muku ba a gaban mai aikin da ladabi. Idan aikin ya yi, ku biya shi da daɗin rai.

In kun samu ta kirki, riƙonta a Jos yana da nasa sharaɗi. Daminarmu doguwa ce mai danshi, fumfuna kan kama fatar da aka kulle a leda. Ku sa ta a tsohuwar rigar filo, ku cusa mata takarda don kada ta lanƙwashe, ku riƙa fito da ita tana shan iska. In ruwa ya dake ta, a goge a bar ta a inuwa, kada a kai ta rana ko bakin murhu. Hunturunmu kuma yana busar da fata yadda yake busar da leɓe, sai a ɗan shafa mata man kaɗe kaɗan a tafin hannu, bayan an gwada a ɓoyayyen wuri, domin yana ƙara mata duhu.

Ita 'yar tawa, bayan an ɗauke ruwa na ɗauke ta muka je wurin wani dattijon baduku. Ya baje mana fatu, na ce mata ta zaɓa da kanta. Ta daɗe tana murzawa tana kaiwa hanci, har ta tsaya a kan wata jar fatar akuya mai ɗan tabon ƙaya a gefe. Ya ce zai kauce wa tabon wajen yanka, ta ce a bar shi ta ciki. Zif da zoben tagulla mu muka sayo muka kai masa, shafin kuma ta yanko daga ragowar wata atamfar lefenta. Ta gwada masa girman littafin da take zuwa aiki da shi, ta roƙe shi ya ninka gindin hannun ya yi masa ɗinki biyu. Ya ce ta dawo bayan sati biyu, sai da ta yi uku. Ran nan da ta zo gaishe ni na karɓi jakar na duba: hannun ya fara duhu daidai inda yatsunta ke kamawa, ɗinkin kuma ko ɗaya bai motsa ba.